Kai Aka Buga, Kai Za Ka Biya?

Wata Juma'a bayan an sallame daga babban masallacin Abossey Okai a nan Gana, na shiga 'yar tsohuwar Corolla tawa na kama hanyar Nima. Ban yi nisa ba cunkoso ya tsayar da mu gab da shataletalen Obetsebi Lamptey. Ina tsaye cak, ƙafata na kan birki, sai na ji gam! daga baya, har ƙeyata ta bugi kujera. Da na fito na tarar wata trotro, wato motar haya, ƙirar Sprinter ta shige mini: danja ɗaya ta farfashe, bamba ta sauko tana lilo, murfin but ya lotsa ya ƙi rufuwa.

Kafin in buɗe baki jama'a sun kewaye mu, masu yaren Twi na yi, masu Ga na yi, namu na Zango na yi. Direban, saurayi ne da bai fi ƙanena na uku ba, ya sauko hannu biyu a ka yana rantsuwa birki ne ya ƙwace masa. Wani dattijo mai jan carbi, wanda da alama tare muka fito masallaci, ya dafa kafaɗata.

"Malam, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ka dubi Allah. In aka kira 'yan sanda, yau da gobe duk a caji ofis za ku ƙare, yaron nan kuma mai mota na jiran kuɗinsa da yamma. Ga Abossey Okai nan a bayanku. Ku je ya saya maka abin da ya fasa, kowa ya kama gabansa."

Na ce, "To Baba, na ji."

Haka aka yi. Na kira fitana, wato makanikina, ya same mu, muka kutsa cikin kasuwar kayan gyaran mota. Wanda bai taɓa shiga Abossey Okai ba sai ya yi tunanin an tattaro gawarwakin motocin duniya an yi musu fiɗa. Ga injuna jere a ƙasa suna ɗigar baƙin mai, ga ƙofofi a jingine kamar allunan makarantar allo, ga rabin mota an yanke ta tsaf an ɗora bisa rufin shago. 'Yan kamasho suka yo mana caa, kowa na cewa a wurin maigidansa kayan suke. A shago na huɗu muka sami danjar. Fitana ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya duba maƙalanta, ya ce hom-yus ce ta gaskiya, wato wadda aka cire daga tsohuwar motar ƙasar waje. Da mai shagon ya faɗi kuɗinta sai direban trotro ya zauna a kan wata taya. Mai shagon bai ko ɗaga kai ba, ya ce mu je mu tambayi dala nawa take yau.

A ƙarshe mai trotro ya turo abin da ya sawwaƙa ta waya, bai kai rabin kuɗin kayan ba, da alkawarin cikon zai biyo baya. Har yau yana biyowa. Kuɗin mai buga ƙarfe da na mai fenti daga aljihuna suka fita. Babu wanda ya ambaci inshora, alhali motocin biyu duk suna da ita. Ni kaina ban tuna da ita ba.

Abin da ƙanena ya gani a Landan

Da dare na kira wani ƙanena da ke zaune a Landan ina ba shi labari, ina cewa da a ƙasarsu ne da kamfani ya biya ni tas ban yi asarar kwabo ba. Ya yi dariya mai tsawo.

"Yaya, kai dai gode wa Allah. Ni motata a ajiye take ƙofar gida, ina ciki ina barci, maƙwabci ya zo fita ya goge mini gefe. Ya amsa laifinsa, kamfaninsa ya gyara komai, har motar aro aka ba ni. Shekara na zagayowa takardar sabuntawa ta zo, kuɗi ya ƙaru. Na kira su na ce ai ba ni na yi ba. Suka ce sun sani."

Wannan "sun sani" ita ta hana ni barci. Mutum ya yarda ba ka da laifi, kuma ya ce ka ƙara kuɗi. Na ɗauka zaluncin kamfani ɗaya ne, ashe haka tsarin ƙasar yake, kuma akwai abin koyo a cikinsa ga mu da muke nan.

Tun 1930 doka ta wajabta wa mai mota a Birtaniya ya yi inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni, amma farashi an bar wa kamfanoni, kowanne da nasa lissafin. A 1994 suka kafa rumbun bayanai na haɗin gwiwa, Claims and Underwriting Exchange, wanda yanzu ke hannun Motor Insurers' Bureau. Hatsarin da ka sanar da kamfaninka yana shiga wannan rumbun, ko ka nemi diyya ko ba ka nema ba, kuma yana zama shekara 6. In ka je sabuntawa ko ka nemi sauya kamfani, tambayar da za a yi maka ita ce ko wani hatsari ya same ka cikin shekara 3 zuwa 5 da suka wuce, da laifinka ko babu. In ka ɓoye aka gano, suna iya soke inshorar ko su ƙi biyanka ranar da kake buƙata.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne kalmar "laifi" a bakin mai inshora ba ita ce ta bakin alƙali ko limami ba. A wurinsu, hatsarin da ba laifinka ba shi ne wanda kamfaninka ya karɓo duk abin da ya kashe daga wurin ɗaya ɓangaren. In wani ya daki motarka cikin dare ya gudu ba a san shi ba, kamfaninka ya gyara da kuɗinsa, to a littafinsu wannan yana layin laifinka, ko da kana Makka lokacin da abin ya faru. Wanda kuɗi ya tsaya a kansa, shi ne mai laifi.

Abu na biyu, akwai asalin farashi, akwai rangwame, kuma kowanne hanyarsa daban. Rangwamen shi ne ladan shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba. In an tabbatar ba laifinka ba ne kuma an karɓo kuɗin, ba a taɓa maka shi. Asalin farashin shi ake ɗagawa. A ce asalin fam 1,000 ne, kana da rangwamen rabi, kana biyan 500. Bayan hatsarin sai su ce asalin ya koma 1,200. Rabinka na nan daram, amma 600 za ka biya. Ba su saɓa alkawari ba, kai kuma aljihunka ya ji a jikinsa. Har wanda ya biya ƙarin kuɗi don a kare masa rangwamen bai tsira ba, domin rangwamen aka kare, ba farashin ba.

Hujjarsu kuwa ita ce lissafi ya nuna musu wanda aka taɓa bugewa ya fi wanda ba a taɓa ba yiwuwar sake shiga wani. Ba wai don bai iya tuƙi ba, a'a, don inda yake kwanar da mota, da hanyar da yake bi, da lokacin da yake fita. In an yi adalci, maganar ba shirme ba ce. Motar da ke kwana a bakin titi ta fi wadda ke cikin gida mai katanga haɗuwa da tsautsayi, ba sai an kawo kwamfuta ba. Amma a nan gizo ke saƙar, musamman ga ɗan Zango. Wa ke da garejin kwana a Nima? Lungunanmu da yawa ko amalanke da ƙyar take wucewa. Motocin Maamobi da Nima da Sabon Zango a bakin babban titi suke kwana, ko a gidan mai, ko a filin makaranta a hannun maigadi. In aka ce farashi zai bi yawan bugun da ake yi wa motar mutum, to mai gida a unguwar masu hali ta East Legon zai riƙa samun sauƙi, talakan Zango ya riƙa biyan harajin unguwar da aka haife shi.

Waɗanda suka ce a'a

Ba ko'ina aka yarda da wannan lissafin ba. Tsallaken ruwa kaɗan daga Ingila, a Faransa, doka ce ta tsara ladan direba da tararsa, ba kamfani ba. Kowane direba yana da ma'auni da ake ninka kuɗin inshorarsa da shi. Duk shekarar da bai jawo hatsari ba, ma'aunin ya ragu da kashi 5 cikin 100, har bayan shekara 13 ya koma biyan rabi. In ya jawo hatsari, a ƙara masa kashi 25. In laifin raba-daidai ne, kashi 12.5. Komai munin tarihinsa ma'aunin ba ya wuce ninki uku da rabi. Wanda kuwa aka buga ba da laifinsa ba, ma'auninsa ba ya motsi. Haka in sata ce, ko gobara, ko fashewar gilashi. Ba a ce kamfanonin Faransa waliyyai ba ne, suna da nasu hanyoyin ɗaga farashi, amma wannan ƙofar dai doka ta sa mata sakata.

Abin da ya sa tsarin ke tafiya shi ne wata 'yar takarda da direbobi ke ajiyewa a aljihun mota, wadda suke kira konsta ta sulhu. Direbobinmu masu zuwa Lome da Kwatano da Yamai sun san kalmar konsta a bakin jandarma. A Faransa, in babu wanda ya ji rauni a hatsarin, direbobin biyu da kansu suke cikewa a gefen titi: sunaye, lambar mota, kamfanin kowa, zanen yadda motocin suka tsaya, wa ke tsaye wa ke tafiya. Su sa hannu, kowa ya ɗauki kwafi, ya kai wa kamfaninsa cikin kwana 5 na aiki. Kamfanonin su yi ta lissafinsu tsakaninsu. In ka lura, sulhun da dattijon nan ya yi mana ne a Obetsebi, sai dai nasu a rubuce yake.

A Amurka kuma, a jihar Kalifoniya, talakawa ne suka yi abin da kansu. A watan Nuwamba na 1988 aka kaɗa ƙuri'a kan wani ƙudiri mai lamba 103, wanda wani lauya mai kare haƙƙin masu saye, Harvey Rosenfield, ya rubuta. Kamfanoni suka zuba maƙudan kuɗi don a kayar da shi, amma ya wuce. Tun daga nan abubuwa uku ne ke kan gaba wajen yanka wa direba farashi: tarihin tuƙinsa, nisan da yake ci a shekara, da shekarun da ya yi yana tuƙi. Kuma ba a lissafa masa hatsari a matsayin nasa sai an nuna aƙalla kashi 51 cikin 100 na laifin a kansa yake.

To ga ƙasashe uku, duk masu arziki, duk da masana lissafi, amma amsarsu ta bambanta. Wannan ya nuna ƙarin da aka yi wa ƙanena ba daga sama ya sauko ba. Zaɓi ne. Wasu sun zaɓi kowa ya ɗauki nauyin ƙaddararsa, wasu sun zaɓi a raba nauyin wanda aka zalunta a kan kowa. Kuɗin dai dole wani ya biya. In ba a ƙara wa wanda aka buga ba, za a yayyafa shi kaɗan-kaɗan a kan sauran direbobi. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji batun aƙila, yadda dangi ke haɗa hannu su biya diyyar kisan kuskure don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Iyayenmu mata masu adashi ma sun san ba a ƙara wa mace zubi don gobara ta taɓa cin ɗakinta. In inshora ta rasa wannan ruhin, me ya rage mata ban da karɓar kuɗi?

Mu nan ina muka tsaya?

Gana ta wajabta inshorar mota tun dokar 1958, shekara ɗaya bayan samun 'yanci. Hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ita ke sa ido a kan kamfanoni, yanzu a ƙarƙashin dokar 2021. Akasarin motocin da ke kan titi, har da tawa da trotron da ta buge ni, tad-fati suke da ita, wato wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna amma ba ta gyara taka. Kuɗinta kuwa jadawali ne da ya danganta da irin mota da aikinta: ta gida, tasi, trotro, babbar mota. Saboda haka mai tad-fati da aka buga ba zai ga ƙari na musamman a kansa ranar sabuntawa ba. Sai mutum ya ce ashe mun fi Landan.

Ba mu fi su ba, wurin biyanmu ne daban. Su a takardar sabuntawa suke biya, mu a kan kantar Abossey Okai. Wanda aka buga yana da haƙƙin ya bi kamfanin wanda ya buge shi, amma sai ya kawo rahoton 'yan sandan hanya na MTTD, da ƙiyasin gyara, da hotuna, ya yi ta safa da marwa, motarsa na ajiye. Sannan abin da tad-fati ke biya a kan ɓarnar dukiya yana da iyaka, 'yan dubban sidi ne, wanda fitilun gaba biyu na wata motar ta zamani kaɗai sai su lashe. Direban tasi da ke ci daga hannu zuwa baka, in ya auna kwanakin da zai rasa, sai ya ga gara ya karɓi rabin kuɗi yau. Haka kamfani ke karɓar kuɗinmu shekara da shekaru, ranar biya kuwa mu da kanmu muke yafe masa. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu kuturun ne ke biyan lada kuma ya aske kansa.

Mai cikakkiyar inshora, wadda ke gyara har motarsa, shi ne ya fi kusa da halin ƙanena. Yana da rangwamen da ke ƙaruwa duk shekarar da bai nemi diyya ba, mai motar gida har ya kai rabi. Amma a kula da sunan: rangwamen rashin neman diyya ne, ba na rashin laifi ba. In trotro ta buge shi ya gaji da bin mai ita ya ce kamfaninsa ya gyara, ya nemi diyya ke nan. Ko rangwamen zai tsira, wannan ya danganta da abin da ke rubuce a takardarsa da kuma ko kamfanin ya iya karɓo kuɗinsa daga ɗaya ɓangaren. Ta yaya kuwa zai karɓo in babu rahoto, babu hoto, babu ko lambar motar?

Akwai kuma ƙarin da ke hawa kan kowa, mai laifi da mara laifi, wanda shi ma a Abossey Okai ake dafa shi. Kusan duk abin da ke kasuwar nan ta tashar jiragen ruwa ta Tema ya shigo, da dala aka saye shi, aka biya masa kuɗin fito. A 2022 sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, kuɗin kayan gyara ya tashi, a farkon 2023 aka ƙara kuɗin inshorar mota. Mai shagon da ya ce mu je mu tambayi dala gaskiya ya faɗa. A Nijeriya ma a watan Janairun 2023 tad-fati ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, sai dai an ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Direban Kano da na Nima jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Darasin

Abin da ya sa na ga maganar nan ta gaggawa ce shi ne rumbu. A watan Janairun 2020 NIC ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci don maganin masu sayar da sitika ta jabu. Yau ko da 'yar ƙaramar waya ka danna *920*57# ka sa lambar mota, za ka ga ko inshorarta na da rai. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Amma rumbun da ya san kowace mota da kamfaninta, ba wuya gobe ya san kowane bugu da aka yi mata. Birtaniya ta gina nata rumbun ba ta rubuta dokar da ke kare wanda aka buga ba, ga sakamakon a takardar ƙanena. Faransa da Kalifoniya sun rubuta. Mu yanzu muna mararraba, kuma lokacin gyaran tuwo tun yana kan wuta ne.

Don haka magana biyu nake so a ji daga bakin masu faɗa a ji: ƙungiyar direbobi ta GPRTU, ƙungiyar dillalan kayan gyara ta Abossey Okai, sarakunan Zango, da 'yan majalisar da muke zaɓa a Ayawaso da Ablekuma. Ta farko, a rubuta ƙarara cewa wanda aka tabbatar ba shi ya jawo hatsari ba, ba a taɓa rangwamensa, ba a kuma ƙara masa saboda wannan hatsarin, ko saboda unguwarsa. Ta biyu, a samar da takardar sulhu irin ta Faransa wadda kamfanoni za su karɓa a ƙananan hatsarin da babu rauni, don kada fasasshiyar danja ta sa mutum ya yi mako yana zirga-zirga. In hanyar neman haƙƙi ta gajarta, mutane za su bi ta.

Kafin nan kuma akwai abin da ke hannunmu. Ban ce a daina sulhu ba. Abin da dattijon nan ya yi alheri ne, kuma garin da ba a cewa "a yi haƙuri" ba garin zama ba ne. Amma haƙuri bai hana rubutu ba. Da na san abin da na sani yau, da kafin a matsar da motocin na ɗauki hotonsu ta kowane gefe, da lambar trotron, da lasin direban. Da na danna lambar nan na ga kamfaninsa. Da na karɓi lambar wayar mutum biyu cikin masu kallo. Da muka sasanta kuma, da an rubuta a takarda: wane ya buge wane a wuri kaza ranar kaza, ya amsa, zai biya kaza zuwa rana kaza, shi da mai motar da shugaban tasharsu su sa hannu. Minti goma ne. Mai niyyar cika alkawari ba ya gudun alƙalami.

Wuri ɗaya ne sulhun bakin titi bai dace ba sam, shi ne in an ji ciwo. Wuya da baya sukan yi shiru ranar hatsari su tashi bayan kwana uku. A je asibiti, a sanar da 'yan sanda, domin a nan ne tad-fati ta fi amfani, kuma ko wanda ya buge ka ya gudu ko ba shi da inshora, akwai asusun diyya a ƙarƙashin NIC don irin waɗannan masu raunin. Mai cikakkiyar inshora kuma ya sanar da kamfaninsa da wuri, ko da ba zai nemi komai ba, yadda takardarsa ta tanada. In aka yi maka abin da ba ka gane ba, hukumar na karɓar koke.

Da lokacin sabunta tawa ya yi, na je wurin wakilin da na saba. Shekara da shekaru abin da ke haɗa mu shi ne in miƙa kuɗi ya miƙo takarda. Wannan karon na ja kujera na zauna. Na ce ya gaya mini iyakar abin da takardar nan ke biya in na fasa wa wani mota. Na ce in zan koma cikakkiya, aka buge ni ba da laifina ba, me zai sami rangwamena, ya nuna mini layin da yatsa. Na ce in kamfanin wancan ya ƙi biya, wa zai bi shi, ni ko su? Ya cire tabarau ya dube ni.

"Alhaji, ko lauya ka koma ne?"

Na ce, "A'a, ɗana, buge ni aka yi."

Ya tashi ya ɗauko cikakkiyar takardar daga durowa, shafi da yawa, ya karkaɗe mata ƙura. Ya ce tun da ya fara aikin nan masu neman ganinta ba su da yawa.

Danjar da muka saya tana nan a motata. Ranar da fitana zai ɗaura ta ya nuna mini wasu lambobi da aka rubuta da alli mai ruwan ɗorawa a bayanta. Ya ce irin rubutun masu gwanjo ne da masu farke motoci a can. A Amurka in kuɗin gyara ya kusa kai darajar mota, kamfanin inshora sai ya biya mai ita ya karɓe gawar, ya kai ta gwanjon Copart ko IAA, daga nan ta hau jirgi zuwa Tema, wata a tashe ta, wata a yanka ta a sayar gunduwa-gunduwa. Wato kasuwar da muke guje wa inshora mu fake a cikinta, da sauran abin da inshorar wasu ta biya take cike. Danjar lafiyarta lau, ko tsagewa babu, alamar ta gaba ko ta gefe aka daki waccan motar. Wani lokaci in na zagaya baya zan buɗe but sai in tuna da mai ita na farko. An biya shi, wannan kam na tabbata, tunda ga fitilarsa a Nima. Allah kaɗai ya san abin da ya tarar a takardarsa da shekara ta zagayo.